Ranar da na Saki Igiya a Nansha

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik ina cikin shekarata ta biyar a Guangzhou. Aikina shirya kaya a kwantena. 'Yan kasuwar Kano da na Maraɗi su sayo kayansu a kasuwannin Liwan, a tara a sito, ni in tsaya a bakin kwantena in ce wannan ƙasa, wancan sama. Tayil da batir a ƙasa, takalma da yadi a sama, nauyi a raba shi dama da hagu. Ban yi boko ba. A kwale-kwalen mahaifina na koyi lodi, a Yawuri, inda in ka karkata kaya ruwa ne zai gaya maka.

Tun kafin damina aka fara tsananta biza. A da in taka ta kusa ƙarewa sai ka tsallaka Hong Kong ko Makau, ka kwana biyu, ka dawo da sabon hatimi. A wannan shekarar hanyar ta toshe mana. Aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Na san in na koma ba dawowa zan yi ba, don ba ni da kamfani, ba ni da mai tsaya mini. Bizata saura mako uku.

Baƙi suka ragu, aiki ya ragu. Na koma zaman ɗaki a wani bene da ke Huanshi Lu, hawa na tara. Zama bai taɓa karɓata ba. Daga taga in je ƙofa, daga ƙofa in dawo taga. In sauka ƙasa in sayi ruwa alhali akwai ruwa a ɗaki. In ciro fasfo in kalli hatimin, duk da lambobin kaɗai nake iya karantawa, kuma ba su canzawa.

Muna ɗakin da wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai sayen injin niƙa, wanda masana'anta ta riƙe masa kaya yake jira. Ya girme ni da kusan shekara goma. Shi Bakatsine ne, ni asalinmu Kabi, saboda haka tun ranar farko ya mai da ni bawansa.

"Bawana, zamna mana. Ka ishe ni da sintiri kamar kura cikin keji."

"Alhaji, ƙafata ce."

"Ƙafar ma tawa ce, tun da kai nawa ne. Zamna ka ga jirgi."

Ya sayo faya-fayan fim a kan gadar masu tafiya a ƙafa, duk na jiragen ruwan da, masu ƙyalle, waɗanda iska ke turawa. Ya ce tun yana makaranta a Damagaram yake karanta littattafansu da Faransanci. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma ya san sunan kowace igiya. Da rana tsaka zai ja labule, ya kunna, ya riƙa fassara mini.

Abin da ya fi so shi ne juyi. Jirgi na son zuwa inda iska ke fitowa, ba ya iya tafiya kai tsaye, sai ya bi a karkace. Can sai kyaftin ya daka tsawa, a juya goshin jirgi ya ratsa ta cikin iskar, ƙyalle ya koma ɗaya gefen, a ci gaba a karkace ta wancan ɓangaren. Alhaji zai miƙe tsaye da zani a ƙugu yana gwada mini da hannu.

"Ka gani? Wanga ilimi ne na Nasara. Lissafi ne."

Na ce, "Muna yi a tafki."

"Da mi?"

"Buhun fulawa. A farke a ɗinke, a ɗaura a gora."

Ya yi dariya har da tari. "Bawana da buhun fulawa! To Amiral, sarkin yaƙin ruwa, mi ka gani a nasu?"

Na gaya masa abin da na gani. Hayaƙin igwa na tafiya hagu, ƙyalle ya cika kamar iska na tura shi dama. Jirgi mai girman masallacin Juma'a ya juya kafin ka ƙifta ido, alhali namu ɗan ƙarami ma sai ka lallaɓa shi, ka tara gudu tukuna, in ka kuskure lokacin ya tsaya da fuskarsa a iska yana ja da baya kamar jakin da ya ga gada. Alhaji ya ce ni ba na kallon fim, binciken laifi nake. Gaskiyarsa ne. Amma shi ne kawai abin da ke zaunar da ni awa guda.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko masallaci, wani dillali mutumin Kumasi ya tare ni. Shi ke samo wa masu shirya fim baƙaƙen fata in suna bukata. Ya ce ana neman mutum tara, aikin kwana uku, a bakin ruwa can wajen Nansha. Na ce ni ba ɗan wasa ba ne.

"Ba wanda ya ce ka yi wasa, ɗan'uwa. Igiya za ka ja. In an gama, kamfani zai ba ka takarda cewa kana musu aiki. Da ita ake ƙara biza."

Har yau ban san ko takardar za ta yi aikin da ya ce ba. Ban tambaya ba. Ba ni da wata ƙofa, sai na bi wannan.

Da safe bas ta kwashe mu. Muka wuce filin kwantenoni, waɗanda na shekara biyar ina cikawa ban taɓa ganin inda suke zuwa ba, muka sauka a wani lungun ruwa da babu gini a bayansa. Jirgin da za a yi fim ɗin a kansa na nan. Katako ne baƙi, bayansa a ɗage, da ginshiƙai uku. Ƙyallensa ja-ja, an jera masa gora a kwance kamar fiffiken jemage. Na tsaya ina kallo har dillali ya tura ni. Rabona da jin sanyi a ƙirjina tun kafin zancen biza.

Aka tuɓe mu aka sa mana tsumma, aka naɗa mana ƙyalle a ka, ba takalmi. Mai ba da umarni wani siriri ne da tawul a wuya. Lawban muke ce masa, kamar yadda muke ce wa duk mai shago. Labarin fim ɗin, yadda dillali ya faɗa, jirgin 'yan kasuwa ne abokan gaba suka biyo, sai jarumi ya sa a yi juyi a tsere.

Ranar farko aka jera mu a kan wata igiya aka ce mu ja. Na kafa ƙafa na ja da gaske. Ashe ba a ɗaura ta a komai ba, wani ne ke riƙe da bakinta a bayan akwati. Na fizgo shi, na faɗi da baya, na haɗa da mutum biyu. Aka yi dariya. Dillali ya ce, "Da fuska ake ja, ba da hannu ba. Ka ɓata rai kawai."

Juyin kuwa, wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan goshin babban da waya, can inda kyamara ba ta gani. Iska kuma manyan fankoki ne a kan wani dandamali. Na ce wa dillali sun sa ƙyalle a gefen da ba shi ba.

"Kai an ɗauko ka ka ja igiya, ba ka koyar da su ba. Ka yi shiru ka karɓi takardarka."

Na koma kan igiyata.

Rana ta biyu lawban ya ga yadda nake naɗe igiya a ƙasa, da yadda nake tsayawa in jirgi ya motsa. Ya nuna ni da yatsa. Aka ɗauke ni daga layi aka kai ni bayan jirgi, kusa da jarumin, aka tsayar da ni a gindin igiyar babban ƙyalle. Ita ce ke riƙe da shi kada iska ta tafi da shi. Aikina in dafa ta in yi fuskar wahala. Da na duba sai na ga an ɗaure ta a turke, ƙulli uku, ɗaya kan ɗaya, an ja su tamau.

A wurinmu ba a ƙulle wannan igiya. Kowace igiya ta jirgi ka ƙulle ta yadda kake so, ban da ita. A hannu take zama, ko ka taka ta da ƙafa, in ma ya zama dole ka yi mata zarge, wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Iskar tafki ba ta sallama. In ta faɗo, ka saki, ƙyalle ya yi ta kaɗawa, jirgi ya tsaya daidai. In igiya na ɗaure, iskar ta kwantar da ku.

Wana ya ƙulle ta sau ɗaya. Muna dawowa daga kasuwa da albasa, ruwa na shigowa, yana son hannu biyu ya kwashe. Ina da shekara goma sha bakwai, ina gaba. Na ga ruwa ya yi baƙi daga yamma yana tahowa. Kafin ya kai hannu ga ƙullin mun kife. Ni na fita. Shi sai bayan kwana biyu masunta suka kawo shi.

Saboda haka tsayuwa kusa da ƙulli ukun nan ta gagare ni. Idona na kansu. Da aka tashi cin abinci kowa ya sauka, na tsaya a baya, na kwance su da haƙori da farce, na mayar da zarge, na ɓoye bakin igiyar a ƙarƙashin naɗin. Mutum ɗaya ya gan ni, tsohon da ke tuƙa ƙaramin jirgin mai inji. Yana zaune yana shan taba. Ya kalle ni, ya kalli turken, ya juya kai.

Da na dawo ɗaki Alhaji ya tare ni da tambaya.

"Amiral, an yi juyi?"

"Inji ke ja."

"Kai dai ba ka da daɗin labari. Jarumin fa?"

"Gajere ne. Akwati ake sa masa ya taka."

Ban gaya masa zancen zarge ba.

Rana ta uku aka wayi gari da zafi mai danshi, ganye ko motsi. Ba a ɗauki komai ba har azahar. Muka yi ta zama a inuwar bas cikin tsumma. Dillali ya ce lawban hadari yake jira. Yana son ya ɗauki juyin a ƙarƙashin baƙin sama na gaske, an ce masa yau zai taso. Ni ban zauna ba. Na zaga bas ya fi a ƙirga. Wani Bakano cikinmu, mai sayar da wayoyi, ya ce, "Malam, don Allah ka zauna, kana sa mini jiri."

Mun idar da salla ke nan sama ta fara haɗuwa ta wajen teku. Nan da nan wuri ya rikice. Ana ihu, ana gudu da wayoyi, aka kora mu cikin jirgi. Aka kashe fankoki. Dillali ya bi mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan sau ɗaya ne. Kowa ya tsaya inda aka sa shi. In an gama, gobe takarda."

Na tsaya a gindin igiyata. Jarumi ya hau akwatinsa, takobi a hannu, an sa masa dogon gashi. Kyamara biyu na kanmu, ɗaya a jirgi, ɗaya a dandamali. Aka buga katakon fara ɗauka. Ƙaramin jirgi ya fara jan goshi.

Na ji ƙanshin iskar kafin ta iso. Na ɗaga ido na ga ruwa ya yi baƙi, yana tattarewa, yana tahowa a guje. Ƙyalle ya cika lokaci ɗaya da ƙara kamar an buga ganga. Ginshiƙi ya yi kuka. Igiyar ta miƙe a ƙarƙashin tafina ta zama kamar ƙarfe. Na ji daɓen jirgi ya ɗan sauka ta hagu.

Ba zan ce na manta da takarda ba. Tana raina. Na ma ce wa kaina, tsaya. Hannuna bai ji ba. Ya shiga ƙarƙashin naɗin ya fizge.

Igiya ta fita kamar maciji. Ƙyalle ya tafi gaba ɗaya, gorar ƙasa ta share bayan jirgi. Na yi ihu, "Ku kwanta!" da Hausa, a cikin mutanen da ba sa ji. Jarumi dai ya ga abin na zuwa, ya faɗi rubda ciki, gashinsa ya tashi ya faɗa ruwa. Fitila mai doguwar ƙafa ta bi shi. Mai kyamara ya rungume kyamararsa ya durƙusa. Ƙyalle ya yi ta kaɗawa a waje yana fas-fas, jirgi ya tsaya cak.

Ni a lokacin na ɗauka na ceci mutane. Har na juya ina duba ko kowa na nan.

Kafin su kamo igiyar su dawo da ƙyallen ruwa ya tsuge. Da ya ɗauke, sama ta yi fari fat. Baƙin da lawban ya kwana biyu yana jira ya wuce.

Bai zage ni ba, ko kuma ya zaga ban ji ba. Ya zo ya tsaya a gabana, tawul ɗinsa na ɗiga, ya kalli turken, ya kalle ni. Ya yi wa dillali magana gajeriya ya tafi. Dillali ne ya yi ihun.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa? Kai mahaukaci ne?"

"Da mun kife."

"Kife? Kife a ina?"

Sai ga tsohon nan mai ƙaramin jirgi ya hau. Bai kula dillali ba. Ya kama wuyan hannuna ya ja ni, muka sauka wani tsani zuwa cikin jirgin. Ya ɗaga wani katako ya haska da tocila. Ƙarfe ne a ƙasa. Faffaɗan kwanon ƙarfe irin na ɗaukar yashi, an zuba masa kankare, an ɗaure shi da sarƙa zuwa ƙasan ruwa. Katakon duk sutura ce aka yi masa daga sama. Tsoho ya miƙa tafinsa, ya kifa shi, ya girgiza kai.

"Meyo," ya ce. Babu.

Ko iskar ta ninka haka, abin nan ba zai kife ba. Na tsaya ina kallon kankaren. Tsoho ya buɗe mini tafin hannunsa, duk kanta da tsohon tabon igiya, irin na mahaifina. Ya yi alamar fizga, ya gyaɗa kai sau biyu. Sannan ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo mini taba. Ba na sha. Na karɓa.

A bas ba wanda ya zauna kusa da ni. Mun kusa gari Bakanon nan ya juyo.

"Malam, in ka ja mana, wallahi ban yafe ba. 'Ya'yana huɗu."

Dillali ya ce su takwas za a ƙara musu kwana ɗaya na aiki, za su samu takardarsu. Ya ce tawa kada ma in tambaya.

Na tarar da Alhaji yana shan shayi. Na gaya masa duka, tun daga zarge har kankare. Da na zo kan gashin jarumi ya ajiye kofi, ya kwanta a gado yana dariya yana dukan katifa.

"Wayyo bawana! Ka ceci jirgin kankare! Kabawa dai ba ku da magani!"

Na bar shi ya gama. Da ya tashi ya share ido ya ga fuskata, sai ya daina.

"Kwana nawa ya rage?"

"Shida."

"To mi za ka yi?"

Na je taga na dawo. Ya ce akwai masu zama haka nan ba takarda, ya san wasu a bayan gari, za su ba ni wurin kwana. Na ce na san su. Na san yadda suke tsayar da numfashi in an ƙwanƙwasa ƙofa. Na san wanda ya diro ta taga ya karya ƙugu, ashe mai kawo ruwa ne. Na taɓa irin wannan zaman a Jidda, wata bakwai, na san abin da yake mai da mutum. Mako biyu da takarda a hannu na kasa zama a ɗaki. Ina zan iya shekara ba ita?

Alhaji ya ce, "Ka san ba zai kife ba da ka bari?"

"Ban sani ba."

"Da ka sani fa?"

"Da na ce a canza mini wuri."

Ya gyaɗa kai. Bai ƙara kirana bawa ba a ranar.

Injinansa suka fito ana saura kwana biyu. Ni na shirya masa kwantenar, ita ce ta ƙarshe da na yi a ƙasar. Na kira wani mutumin Gusau da muke aiki tare a sito, na tsayar da shi kusa da ni, na nuna masa yadda ake kafa inji a tsakiya a tokare shi da katako kada ya yi tafiya a teku. Da aka rufe ƙofa aka sa hatimi, na buɗe bayan wayata na zare layin. Duk 'yan kasuwar da na yi wa aiki shekara biyar wannan lambar suka sani. Na sa masa a hannu.

Ya ce, "In sun tambaye ka fa?"

Na ce, "Ka ce ka iya lodi."

Washegari Alhaji ya raka ni filin jirgi. Ma'aikacin ya buɗe fasfo, ya duba kwanan wata, ya ɗago ya kalle ni, ya buga hatimin fita. Saura kwana ɗaya.